Ga Sa'adatu, Ranar da Madubin Taurari Ya Bar Gidana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Daga Ƙauran Namoda, zuwa ga ɗiyata Sa'adatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina kuma roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki kin sauka Shinkafi lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya raba ki da sharrin dare da na rana, Ya sa aikin koyarwar da za ki fara ya zama sanadin alheri gare ki da 'yan matan da aka damƙa miki.

Na sa takardar nan cikin akwatin madubin hangen taurari, a saman bututun, don na san in na tsaya faɗa miki da baki, innarki za ta yi ta shigowa da ƙullin kuka da daddawa, direba yana danna oda a ƙofar gida, maganar ta watse. Madubin ya zama naki. Ba aro na ba ki ba. Abu ɗaya nake so, kuma ba zan sassauta a kansa ba: kada ya kwanta cikin akwati. Ki fito da shi, ki kafa shi, 'yan makarantarki su leƙa. Sai dai kafin nan ki zauna ki karanta irin wautar da mahaifinki ya tafka da shi, don kada ki maimaita.

Kina 'yar shekara goma sha biyu lokacin da baffanki Sani ya zo mini da shi daga tafiyarsa ta ƙarin karatu. Ya san tun muna yara nake zama kusa da kakanki Liman in yana lissafin taurarin damina, ya kuma san na shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai duniyoyi a allo da alli alhali ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba. Ya ajiye mini akwatin, ya miƙo ɗan littafin bayani, ya ce, "Yaya, ka fara karanta wannan tukuna." Na karɓa na cusa ƙarƙashin matashi. A raina na ce ni da nake koyar da labarin ƙasa tun kafin ya iya ɗaura wando, wane littafi zai koya mini sama?

Ranar nan da la'asar na bi maƙwabta da abokan aiki ɗaya bayan ɗaya, na ce kowa ya zo bayan magariba ya ga ikon Allah. Aka shimfiɗa tabarmi, innarki ta dama kunu. Sai da mutane suka zauna sannan na fara haɗa ƙafafun nan uku, a cikin duhu, ina lalube. Na ɗora bututun, na kunna rimot, ya tambaye ni kwanan wata. Ranar uku ce ga watan sha ɗaya, na danna uku, na danna sha ɗaya. Ban san shi wata yake fara karɓa kafin rana ba. A lissafinsa muna cikin watan uku, sama kuwa ta watan uku dabam take da ta watan sha ɗaya. Na zaɓi tauraro, na danna, injin ya ɗauki ƙugi, bututun ya juya a hankali, ya je ya tsaya cak yana kallon rumbun maƙwabcinmu Malam Garba. Malam Garba ya miƙe ya ce, "Malam Lawali, ashe hatsina taka biɗa!" Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Na sake gwadawa sau huɗu, gumi yana zuba, ba wanda ya ga komai a daren. Aka sha kunu aka watse.

To, ki ji. Ranar farko kada ki gayyaci kowa. Ki haɗa shi da rana tsaka, a inuwa, ke kaɗai, ki kwance, ki sake haɗawa, har hannunki ya san kowace ƙusa ba tare da ido ba. Ki kafa ƙafafun a ƙasa mai tauri, ki duba ɗan ruwan nan mai kumfa irin na magina da ke jikin kan, ki yi ta gyara har kumfar ta zauna tsakiya. Wata kafin rana, kada ki manta. Agogonki ya zama daidai, ko minti biyar kada ki ce ba komai. Lambobin da ke nuna inda Shinkafi take a doron ƙasa na rubuta miki su a cikin murfin akwati, ki shigar da su a madadin na Ƙaura. Sai ɗan maleƙin nan mai jan ɗigo da ke goye a bayan bututu: da sauran haske za ki saita shi. Ni da tankin tsohuwar tashar jirgin ƙasa nake yi, ke ki nemi kan hasumiya ko ƙarfen sabis mai nisa, ki sa shi tsakiyar madubi, sannan ki murɗa har jan ɗigon ya hau kansa. Za ki ga abin a kife, kai ƙasa. Ba lalacewa ba ce, haka irin wannan madubin yake nunawa. Littafin da na raina yana nan cikin akwati, gefensa duk ya yi baƙi da yatsuna, don daga baya sai da na karanta shi kamar mai shirin jarrabawa.

In kin cire murfi kin haska fitila cikin bututun, za ki ga babban madubi can a gindi, za ki kuma ga wasu siraran zane guda uku a gefensa na hagu. Aikina ne. Wata rana na leƙa na ga ƙura ta kwanta a kai, raina ya ɓaci, na kwance shi, na hura masa iska da baki, na sa gefen rigata na goge kamar mai goge tabarau. Nan take na ga abin da na yi. Hasken wannan madubin a fuskarsa yake, ba a bayansa ba kamar na ɗakin innarki, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta yi masa tabon da ba ya fita. Ƙurar da na damu da ita ba ta rage komai a gani ba, tabon kuwa yana nan har yau. Kada ki taɓa fuskarsa da tsumma ko yatsa. Ki rufe shi in kin gama, shi ke nan. Kuma kada ki yarda ya kwana a waje ba murfi har rana ta fito. Na taɓa yi, warin roba mai ƙonewa ne ya fito da ni daga ɗaki, hasken rana ya taru ciki ya narkar da gefen mazaunin ido. Abin da ya narkar da roba, ki auna abin da zai yi wa idon yarinya. Wannan ki faɗa wa ɗalibanki tun kafin ki faɗa musu sunanki: ba a kallon rana da shi, ko da wasa, ko na ƙiftawar ido.

Yanzu ga wanda ya fi waɗannan nauyi.

Bayan wata huɗu da zuwansa na ɗan iya sarrafa shi, sai fitilun gari suka fara damuna. Wani tsohon ɗalibina da ke shugabantar firamare a Gurbin Bore ya ce in zo can, sama tana da duhu sosai. Na ɗauki mota na tafi. Na isa da la'asar sakaliya na tarar ya shiga Zurmi bai dawo ba. Maimakon in nemi gidan maigari in yi sallama in faɗi abin da ya kawo ni, sai na ce ai ɓata lokaci ne, rana za ta faɗi ban kafa ba. Na zarce wani ɗan tudu bayan makarantar, na kafa abina, na yi sallar magariba a nan, na zauna jiran taurari.

Ki tuna lokacin ne da aka fara kwana da ido ɗaya a ƙauyukan nan. Ki kuma kalli abin da idon wanda bai taɓa ganinsa ba: baƙo ne ba wanda ya san shi, ya hau tudu da magariba, ya girke baƙin bututu mai kaurin turmi a kan ƙafafu uku, jar wuta tana walƙiya a hannunsa, abin yana ƙugi yana juyawa da kansa. Wata mata da ta fito ɗebo ruwa ta hango, ta yar da tulu ta kwasa da gudu tana kururuwa. Ni ban ji ba, idona yana kan sama. Ban farga ba sai da fitilu suka haske mini fuska, maza fiye da ashirin sun kewaye ni da sanduna da adduna, biyu da bindigar toka. Wani ya daka mini tsawa in ɗaga hannu. Na ɗaga.

Wanda Allah Ya kawo ya cece ni wani dattijon Bafillace ne, Malam Jaɓɓi, da rugarsu ke gefen tudun. Ya ratso tsakiyarsu da sandarsa a kafaɗa, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ku dakata. Tun la'asar nike kallonai daga wurin shanu. Shi ɗai na. Na ga alwallatai, na ga sallatai. Kuma tun da ya kafa abin ga, bakinai sama shika kallo, bai duba gari ba ko sau guda. Ku bari shi yi magana." Sai a lokacin na samu na ce ni malamin makaranta ne daga Ƙaura, na kira sunan ɗalibina. Aka tafi da ni gidan maigari, bututun a kafaɗar wani. Maigari ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, da ka biyo nan da farko, da ni da kaina zan kai ka tudun." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Abin bai tsaya a kunya ba. A cikin gudun da aka yi, wata tsohuwa da ake kira Goggo Hajara ta faɗa kwazazzabo ta karya hannu. Da safe na je inda maɗori yake ɗaure mata shi da karare. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta dube ni ta ce, "To kai ɗan nan, taurarin gudu za su yi da ba ka iya tsayawa gaisuwa?" Hannun ya warke amma bai miƙe daidai ba, har ta rasu ba ta ƙara iya daka ba. Kafin rasuwarta duk shekara nakan je gaishe ta, kuma duk zuwa sai na ga hannun.

Saboda haka, Sa'adatu, kafin ki fito da bututun nan ko da tsakar makaranta ne, ki fara zuwa wurin shugabar makaranta. Ki buɗe akwatin a ofishinta da rana, ta gani, ta taɓa. Ki nuna wa masu gadi. Ki roƙi a aika wa mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa, a ce ga abin da ake ciki, in da hali su zo su leƙa da kansu. Kada ki fita da shi bayan katangar makaranta, komai kyan duhun da aka ce akwai a wani wuri. Tsakanin magariba da lisha ya ishe ki, ki tattara kafin a rufe ƙofa. Wanda aka gaya wa tun farko yakan zama mai tsaron abu, wanda ya tsinci labari a bakin wasu kuwa ko ba ya ƙinki sai ya yi zargi.

Kwana na biyu a Gurbin Bore maigari ya ce sai na nuna musu abin da ya jawo wannan tashin hankali. Aka taru a filin makaranta bayan magariba. Ka'idar na'urar ita ce sai ki nuna mata taurari biyu masu haske, ki gaya mata sunansu, daga nan ta gane inda take ta riƙa kai ki duk inda kika ce. Na zaɓi Shi'ira, wanda sunansa ya zo a Alƙur'ani, don littafi ya ce ya fi kowane tauraro haske. Na ɗaga kai na nemi abin da ya fi haske a sama, na kai jan ɗigo kansa, ina shirin dannawa. Malam Jaɓɓi yana tsaye bayana, ya ce, "Malam, mi kac ce sunan wanga?" Na faɗa masa. Ya girgiza kai. "Sunan da kuka kira nai ban sani ba. Amma wanga tahiya shikai. Bara war haka kusa da Kaza da 'ya'yanta shike, bana ga shi nan. Kuma duba, ba shi ƙyafta ido. In mai tsayawa wuri guda kaka biɗa, ga shi can kudu, wanda ka rawa kamar wuta cikin iska."

Na so in yi gardama, don akwai jama'a, kuma ni ne mai na'ura. Allah Ya taimake ni na tuna daren jiya, na bi yatsansa. Na saita da wanda ya nuna, na ƙara da na biyu, na'urar ta karɓa. Sannan na ce ta kai ni Mushtari. Bututun ya juya ya koma daidai kan wancan mai hasken da na fara nunawa. Ashe duniya ce, ba tauraro ba. Na ce Malam Jaɓɓi ya fara leƙawa. Ya daɗe a sunkuye, sannan ya ɗago ya ce, "Shina da 'yan maruƙa huɗu, sun jeru." Watannin Mushtari ke nan. Shekara sittin yana kallonsa, ranar ya san ba shi kaɗai yake tafe ba, ni kuma ranar na san cewa digirina bai koya mini bambance duniya da tauraro ba.

Ki koyi sama da idonki kafin ki dogara da rimot. Na'urar ba ta gani, abin da kika gaya mata shi take ginawa a kai, in kin ba ta kuskure za ta yi ta kai ki wurin da ba komai ba tare da ta ji kunya ba. A cikin ɗalibanki akwai 'ya'yan makiyaya da manoma da suka tashi suna jin sunayen taurari a bakin kakanninsu. Ki tambaye su, ki rubuta sunan da suka ba ki kusa da na littafi. Kuma a cikin idanun gilashi biyu da ake sa masa a leƙa, kullum ki fara da wanda aka rubuta wa ashirin da biyar, shi ne mai faɗin fili. Mai lamba goma ya fi kusantowa, amma in kika fara da shi za ki yi ta yawo cikin baƙi. Ki fitar da bututun waje rabin awa kafin ki fara, ya huce daga zafin ɗaki, in ba haka ba komai zai riƙa rawa kamar ana kallonsa ta saman murhu. Ƙananan batura ba sa kai ko'ina, shi ya sa na haɗa miki da batirin babur da wayarsa.

Akwai laifin da ke kika fi kowa saninsa, don a kanki ya faɗa. Shekara uku ina hana kowa a gidan nan taɓa shi. Kina zuwa ki tsaya nesa da hannu a baya, in kin matso in ce, "Kauce, za ki ture." Na kai shi ƙauyuka, na nuna wa baƙi, amma innarki da ke share inda nake kafa shi ban taɓa ce mata zo ki gani ba. Wai a tunanina ba abin da ya dame ta ba ne. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni bayan na riga na saita duniyar Zuhal, ina daga ɗaki na ji muryarta tana salati. Na leƙo ta taga na gan ku ku biyu, ke kina riƙe da rimot, ita ta dafa gwiwa tana cewa, "Sa'a, wa ya sa mishi zobe? Ko ke kika liƙa hoto ciki?" Ashe duk tsayuwar nan da kike yi daga nesa haddace hannuna kike yi. Ban yi miki faɗa ba, amma ban kuma ce na yi kuskure ba. Yau na faɗa: na yi kuskure, ki yafe mini. Ke kuma kada ki mayar da ɗalibanki 'yan kallo. Ki sa su kafa ƙafafun, su shigar da kwanan wata, su ɓata, su gyara. In wata ta ture saitin, minti biyar ne a sake. In kika tsawata mata a gaban 'yan uwanta, mai yiwuwa ba za ta ƙara matsowa ba har ta gama makarantar.

Na ajiye mafi ɗaci a ƙarshe. Kina jami'a lokacin, abin da kika ji guntu ne.

Shekarar da azumi ya faɗo farkon damina, ranar ashirin da tara, na hau soron gidan Malam Garba da madubin don duban watan Sallah. A lokacin sunana ya riga ya zagaya unguwa, ana cewa ai Malam Lawali yana da na'urar da ba ta kuskure. Na ji daɗin wannan suna fiye da yadda ya kamata. Tun daren jiya na saita ta na bar ƙafafun a wurin, don haka da rana ta faɗi na danna wata, bututun ya sauka can yamma kusa da ƙasa, inda gizagizai suka yi jajaja. Na leƙa. Na ga wani ɗan siririn haske, ya bayyana ya ɓace. Mutane biyar suna tsaye a bayana, wasu da yawa a ƙasa sun ɗaga kai. Wani ya ce, "Malam, an gani?" Abin da ke zuciyata shi ne kamar na gani. Abin da ya fito bakina shi ne, "Na gani."

Kafin in sauko maganar ta riga ni isa ƙasa. Mata suka hau shirin abincin Sallah, a masallacin layinmu mutane suka fara cewa ba asham yau, mahaucin unguwa ya kayar da sa tun a daren. Na shiga gida in sa babbar riga don a tafi da ni wurin hakimi in ba da shaida. Innarki ta miƙo mini hula, ta ce a hankali, "Malam, kai kag gani, ko ita tag gani?" Na ce mata mata ba su san wannan ba, na fice.

A zauren hakimi akwai abokin kakanki, tsohon alƙali Malam Bello. Bai ƙaryata ni ba. Cewa ya yi, "Lawali, ɗan Liman, zauna. Ƙahonninsa ina suka fuskanta?" Na buɗe baki, na ga ban sani ba. Ya ce, "Ka sake ganinsa bayan na farko? Wani cikin waɗanda ke tare da kai ya leƙa ya gani?" Babu. Ina iya ƙirƙiro amsa, na san yadda jinjirin wata yake kwanciya, kuma ba mai iya kama ni. Na tuna azumin mutane ne a bakina. Na ce, "Allah gafarta Malam, ban tabbata ba. Na'ura ta nuna inda ya kamata ya kasance, ni kuma na so in gan shi. Na janye." Ya ce, "Madalla. Yanzu sai ka je ka faɗa inda ka faɗi na farko."

Na je. Na tsaya a masallacin layinmu bayan lisha na ce jama'a ban ga wata ba, ku tashi a yi asham. Ba a gan shi ko'ina ba a daren, aka cika talatin. Mahaucin ya yi asara, na je har gida na ba shi haƙuri, ya fi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska. Yara suka sa mini suna Malam Na-gani, kuma na san har yanzu akwai masu kirana haka in na ba da baya.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, tun kafin wannan ranar idona na dama, wanda nake leƙe da shi, ya fara yin hazo-hazo, fitila takan rabu mini biyu. Na sani, na ɓoye, don kada a ce mai madubi ba ya gani. Yanar ido ce take rufe shi a hankali, yanzu ta kama na hagun ma.

Za a zo miki, ɗiyata. Da zarar an ji akwai na'ura a makarantarku, ranar duban wata za a aiko a tambaye ki. Ki taimaka, aikin lada ne. Amma na gani dabam, kamar na gani dabam, ban gani ba dabam, kuma kowanne ki faɗe shi da sunansa. Ki sa mutum biyu su leƙa bayanki kafin ki buɗe baki. Haka a aji: in yarinya ta yi tambayar da ba ki san amsarta ba, ki ce ban sani ba, zan bincika. Ba a taɓa korar malami don ya faɗi haka ba.

Na san za a samu masu cewa me mace za ta yi da kallon sama, ko su ce a wannan zamani na rashin kwanciyar hankali wa ke da lokacin taurari. Kada ki yi musu da su, kada kuma ki fasa. An rufe mana hanyoyi, an hana mu gonaki masu nisa, an sa muna shiga gida da wuri. Ban yarda a haɗa har da sama a ƙwace wa yaran nan ba. Ko sau ɗaya a mako ne, ko 'yan mata goma ne, ki kafa shi.

Ni ma na yanke shawara. Shekara biyu likita a Gusau yana cewa in zo a cire yanar nan, ina ta kawo dalilai, gaskiyar kuwa tsoro nake ji. Jiya na sa yayanki ya karɓo mini rana, bayan an gama girbi. Innarki ba ta sani ba tukuna, yau da daddare zan gaya mata da bakina. Ba zan zauna ina rubuta wa ɗiyata ta yi ƙarfin hali ba alhali ni ina ɓuya daga wuƙar likita.

Allah Ya kiyaye ki a fitarki da shigarki. Ya tsare miki mutuncinki da addininki da lafiyarki, Ya haɗa ki da abokan aiki na ƙwarai, Ya kare makarantarku da duk wanda ke kwana cikinta. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, daga Ƙaura har Shinkafi har Zurmi da ƙauyukansu. Innarki tana sa miki albarka, ni ma na sa miki. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki yi mini addu'a ranar aikin idon.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Lawali